Su Wane Ne ke Binciken Ƙwaƙwalwa? Jawabin Ɗan'uwanmu na Liyon a Taron Shekara da Aka Yi a Faris

 

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena da ke wannan zaure, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da za su karanta wannan jawabi a mujallarmu, ina gaishe ku gaisuwar girma. Waɗanda suka taso daga nesa, sannunku da hanya.

Wata biyu da suka wuce shugaba ya kira ni a waya ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru muna jin kana aikin ƙwaƙwalwa a Liyon. Wasu na ce maka likita, wasu na cewa ɓeraye kake yankawa. Ka zo taro ka faɗa mana gaskiyar abin da kuke yi, da irin mutanen da kuke yi tare." Na ce, "To Baba, an gama." Shi ne ga ni.

Bari in fara da gyara. Ni ba likita ba ne. Ban taɓa yi wa kowa allura ba, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba. Lokacin da na ci bak, burin mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne in zama likita. Makina bai kai ba, sai na faɗa karatun fizik da lissafi a Yamai. Ranar da na gaya masa, ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Amma na san abin ya taɓa shi, domin yana da dalili. Ƙanwata, wadda nake bi da ita, tana da farfaɗiya tun tana shekara bakwai, shi kuwa ya ƙwallafa rai cewa in na zama likita ni zan samo mata lafiya.

Yau aikina shi ne nazarin wutar da ke gudana a ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya. Likitoci na liƙa wa majiyyaci ƙananan wayoyi a fatar kai, wani lokaci ma a cikin ƙwaƙwalwar kanta, na'ura ta riƙa rubuta motsin wutar dare da rana. Ni da ire-irena muke ɗaukar wannan tarin rubutu mu tace shi da lissafi a kwamfuta, mu taimaka a gano daidai wurin da farfaɗiyar ke tasowa. Wato ƙofar da aka rufe mini ta gaba, Allah ya buɗe mini ita ta baya. Wannan shi ne ƙashin bayan maganata ta yau: ɗakin binciken ƙwaƙwalwa, wanda a nan muke ce wa labo, ba gidan likitoci kaɗai ba ne, kuma kusan duk wanda ka tarar a ciki akwai wata tambaya da ya ɗauko daga rayuwarsa ya shigo da ita.

Ga misali daga inda nake aiki, a Bron da ke gefen Liyon, inda asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa na Pierre Wertheimer yake, da babbar cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta Liyon da aka kafa a 2011. Duk ranar Litinin rukuninmu kan zauna a teburi ɗaya. Likitoci biyu ne kawai a cikinmu. Akwai wata 'yar Italiya da ta karanta ilimin halayyar ɗan'adam, abin da ya dame ta shi ne yadda yaro mai farfaɗiya ke mance karatun da ya iya jiya. Akwai wani ɗan Tunisiya injiniyan lantarki, wanda ya taso a shagon gyaran rediyo na babansa, yau shi ke ƙera mana ƙananan na'urori. Akwai wata Bafaransa da ta yi shekaru tana koyar da kiɗa kafin ta koma jami'a, tana binciken yadda ƙwaƙwalwa ke jin sauti da bugun kiɗa. Akwai wani ɗan Indiya masanin lissafi da bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa da idonsa ba sai da ya zo wurinmu. Akwai likitar dabbobi da ke kula da ɓerayen gwaji, da wani ma'aikaci da ya fi shekara ashirin yana yanka naman ƙwaƙwalwa siriri, fiye da gashin kai, don a duba a madubin ƙara girma. In ya yi ciwon mako ɗaya, rabin aikinmu tsayawa yake yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dalilin wannan haɗin gambiza shi ne girman abin da ake bincike. Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, tana kuma cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Waɗannan ƙwayoyi da wuta da sinadarai suke magana da juna. Don haka dole a nemi mai ilimin wuta, da mai ilimin sinadarai, da mai lissafi, da wanda ya san halin mutum, da likitan da ke ganin majiyyaci. Kowa da ɓangaren da yake gani.

Kada ku ce yanzu aka fara haka. Babbar jami'ar kimiyya da likitanci ta Liyon sunan Claude Bernard take ɗauke da shi. An haife shi a 1813 a wani ƙauyen masu noman inabi arewa da Liyon. Yaron kantin magani ne a Liyon, burinsa ya zama marubucin wasan kwaikwayo. A 1834 ya ɗauko wasan da ya rubuta ya kawo Faris, ya nuna wa wani malamin adabi. Malamin ya karanta ya ba shi shawara ya je ya koyi likitanci don ya samu abin ci. Ya bi shawarar. Shi ne daga baya ya yi bincike kan dafin kibiyar maharban Kudancin Amurka, ya nuna cewa dafin na yanke saƙo ne tsakanin jijiya da tsoka, shi ya sa dabba ke kasa motsi. Da ya nace sai wasan kwaikwayo, da yau ba wanda ya san sunansa.

A nan Faris, a 1861, wani likitan fiɗa mai suna Paul Broca ya gamu da wani majiyyaci a asibitin Bicêtre, wanda ya yi shekara kusan ashirin ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya tarar da wani wuri a gaba ta ɓangaren hagu ya lalace. Daga nan aka fara gane cewa furta magana na da mazauninta a ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, shi ya sa za ku ga dattijon da ɓarin damansa ya shanye, sau da yawa maganarsa ma ta tafi. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ka, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo haka. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, a ruga asibiti a take. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

A asibitin Salpêtrière kuma, Jean-Martin Charcot ya zama farfesan farko na cututtukan jijiya a 1882. Mutum ne mai son zane, da hannunsa yake zana tsayuwar majiyyata da tafiyarsu, idonsa na mai zane ya taimake shi rarrabe cututtukan da a da ake haɗa su wuri ɗaya. A harabar wannan asibiti aka buɗe Cibiyar Ƙwaƙwalwa ta Faris a 2010, inda masu bincike daga ƙasashe da dama ke aiki, majiyyata na 'yan taku kaɗan daga gare su.

Mu koma Liyon. Sunan da ya fi fita a can shi ne Michel Jouvet, wanda ya rasu a 2017. Yana saurayi ya shiga daji tare da masu yaƙar mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya koyi fiɗar ƙwaƙwalwa. A 1959 yana gwaji da kyanwoyi, sai ya ga wani abin mamaki: kyanwa na barci mai nauyi, tsokokin wuyanta sun saki gaba ɗaya, amma wutar ƙwaƙwalwarta na gudu kamar idonta biyu. Masu bincike a Amurka sun riga sun lura a 1953 cewa idon mai barci kan riƙa motsi da sauri a wasu lokuta. Jouvet ne ya nuna cewa wannan wani hali ne na daban, ya kuma gano cewa daga gindin ƙwaƙwalwa yake tasowa. A cikin irin wannan barci ne aka fi yin mafarkin da mutum ke tunawa. Shi kansa ya yi shekaru yana rubuta mafarkansa a littafi.

Ga inda labarin ya iso gida. Ɗaya daga cikin almajiran Jouvet, likitan soja Alain Buguet, ya yi aiki a Yamai a shekarun 1980. Ya auna barcin mutane a zafinmu na Sahel, ya kuma yi nazarin ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Binciken nasa ya nuna cewa mai wannan ciwo ba wai ya fi kowa yawan barci ba ne, agogon jikinsa ne ya rikice, barci da farkawa suka warwatse cikin dare da rana. Na yi murna da na karanta aikinsa, amma na tambayi kaina: a ce sai baƙo ya zo daga Liyon kafin a auna yadda muke barci a watan Afrilu?

Ƙarin misalai uku, a taƙaice. Jean-Pierre Changeux na Cibiyar Pasteur ta Faris da nazarin ƙananan halittun teku ya fara. A 1970 shi da abokan aikinsa suka ware sinadarin da ke karɓar saƙon jijiya, suka yi amfani da kifi mai wutar lantarki da dafin maciji. Duk wanda ya taɓa kama minjirya a kogi ya san irin wutar da nake nufi. Stanislas Dehaene kuwa ɗalibin lissafi ne. Shi da likita Laurent Cohen suka bayyana wani ɗan wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa da ke gane rubutattun kalmomi. A 2010 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi da manya a Brazil da Fotugal, wanda ya nuna cewa ko mutum ya girma kafin ya koyi karatu, ƙwaƙwalwarsa na sauyawa ta karɓe shi. Iyayenmu mata masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, ku ji da kyau, gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka. A cibiyar da Dehaene ke aiki, NeuroSpin da ke Saclay kudu da Faris, aka ƙera na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa mai ƙarfin maganaɗisu tesla 11.7, alhali ta asibiti ba ta cika wuce 1.5 ko 3 ba. A Afrilun 2024 aka nuna hotunanta na farko na ƙwaƙwalwar mutum. Injiniyoyi da masana fizik ne suka yi kusan shekara ashirin suna haɗa ta.

Na uku shi ne Alim-Louis Benabid na Grenoble, maƙwabciyar Liyon, wanda mahaifinsa ɗan Aljeriya ne. Likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ne da ya koma ya yi digirin dakta a fizik. A 1987 yana cikin yi wa wani mai karkarwar hannu aiki, sai ya lura cewa in ya aika bugun wuta mai saurin gaske a wani wuri a can cikin ƙwaƙwalwa, karkarwar na tsayawa cak. Sanin fizik ne ya sa ya gane abin da ya gani. Yau dubun dubatar masu cutar Parkinson a duniya na yawo da irin wannan na'ura a jikinsu.

To, me mu za mu kai teburin? Muna da tambayoyi da yawa da ba wanda zai yi mana su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasarmu na tsakiyar yankin da likita Léon Lapeyssonnie ya kira ɗamarar sanƙarau a 1963. Manyanmu na tuna annobar 1996 da ta ci dubban rayuka a Nijar da arewacin Najeriya. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a ƙarshen 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ya karya lagon nau'in da ya fi addabarmu a da. Amma yaran da suka tsira suka kurumce, ko karatu ya gagare su, wa ke bin sawunsu? Zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, me yake bari a ƙwaƙwalwar yaro bayan ya warke? Yaron da ke karatun allo da safe daga dama zuwa hagu, ya je lakwal ya karanta daga hagu zuwa dama cikin harshen da ba a yi a gidansu, yaya ƙwaƙwalwarsa ke ɗaukar biyun? Gwajin da ake yi wa tsofaffi don gano cutar mantuwa an tsara shi ne don mai karatun boko. Kakata ba za ta iya zana agogon bango ba, amma tana lissafa dangi har kaka bakwai. Wa zai tsara gwajin da ya dace da ita da Hausa?

Sai farfaɗiya, wadda ita ce tawa tambayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ƙanwata ta yi shekara tara kafin ta fara shan magani. An cire ta daga lakwal don iyayen wasu yara sun ce yawunta na yaɗa ciwon. An ware mata kwano da moɗa. Akwai tabon wuta a hannunta na hagu, daga ranar da ta faɗi a bakin murhu aka tsaya ana kallo don tsoron taɓa ta. Yau tana shan ƙwaya kullum, ta yi shekaru ba ta faɗi ba, tana da aure da 'ya'ya uku. Amma karatun da ta rasa ya tafi.

Don Allah ku kai wannan saƙo gida. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta kwano, ko ta taɓawa. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura masa ruwa, kada a danne shi. In abin ya wuce minti biyar, a kai shi asibiti. Addu'a muna yi, ba mu bari ba, amma a haɗa da magani, kuma kada a yanke shan maganin don an ga sauƙi.

Ƙannena ɗalibai, ba zan ɓoye muku wuyar hanyar ba. Bayan lasisi shekara uku sai masta shekara biyu, sai dakta aƙalla shekara uku, da albashin da ba zai ishe ka aika abin kirki gida ba. Bayan nan kuma kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, kana sabunta takardar zama kana neman wani aikin. Tun 2019 an ɗaga kuɗin rajista ga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba, a lokacin Yuro 2,770 ga lasisi da 3,770 ga masta, ko da yake jami'o'i da dama sun yafe wani ɓangare, kuma ƙarin bai shafi masu dakta ba. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 kuwa, biza ta ƙara wuya. Gwaji goma za ka yi, tara su ƙi. Na taɓa yin wata takwas a kan wani lissafi, daga baya na gano wata waya ce ta lalace. Wanda ke neman kuɗi da wuri, kasuwar Maraɗi ta fi masa. Wanda wata tambaya ta hana shi barci, bismillah. Ya riƙe lissafi, ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya koyi Ingilishi, domin da shi ake wallafa bincike ko a nan Faransa.

Kuma ba dole sai an zo Turai ba. Maƙwabtanmu na Yobe sun nuna mana. Dakta Mahmoud Bukar Maina, mai binciken ƙwaƙwalwa a jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa cibiyar bincike da horarwa a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu, inda matasa ke koyon aiki da na'urorin zamani a gida. Mu ma muna da gado. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. A nan Faris ya karanta fizik, ya koma gida ya duƙufa kan amfani da hasken rana. Jami'armu ta Maraɗi ma sunan masanin kimiyya take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo uku ga ƙungiya. Na farko, asusunmu na tallafin karatu ya daina kallon masu likitanci da shari'a kaɗai. A ware gurbi ko ɗaya a shekara don ɗalibin lissafi, ko fizik, ko nazarin halittu, ko kwamfuta, kuma a ba 'yan mata dama daidai da maza, domin a rukuninmu mata sun fi maza yawa. Na biyu, duk ɗanmu da ke aiki a labo ko asibiti ko kamfani a Faris da Liyon ya ɗauki ɗalibi ɗaya na gida, ya riƙa duba masa takardu yana nuna masa hanya ta waya. Na rubuta sunana na farko a takardar da ke hannun sakatare. Na uku, mu nemi likitocinmu na gida mu ɗauki nauyin shiri a gidajen rediyon Maraɗi kan farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, da Hausa, a bar mutane su bugo waya su yi tambaya. Kuɗinsa bai kai abin da muke kashewa a abincin taro irin na yau ba.

Iyayena, in ɗanku ko 'yarku ta zo ta ce ba ta samu likitanci ba, kada ku yi mata shirun da zai karya mata zuciya. Ku tambaye ta me take son sani. Mahaifina bai rayu ya ga inda fizik ya kai ni ba. Amma bara da na je gida, ƙanwata ta sa na buɗe kwamfuta na nuna mata layukan wutar da nake karantawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, ashe abin yana da hoto." Na ce yana da shi. Ta ce, "To ka nuna wa mutane."

Abin da na zo yi ke nan yau. In na yi kuskure ko na wuce gona da iri a gaban manya, a yafe mini. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi wa zuri'armu albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.